TAƘAITACCEN TARIHIN DOKTA ALBERT HELSER (1897–1969) DA MUTANEN YADAKUNYA

Sa'ad da kwamitin biki ya zauna domin zaɓen mutum ɗaya daga cikin magabata wanda za a sa tarihinsa cikin wannan littafi na cikar ekklesiyarmu shekara 50, an kawo sunaye da dama. An ambaci Dokta Miller na Zariya, wanda ya sha wahalar juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa har aka buga shi a 1932. An ambaci Dokta Stirrett, Bature Mai Magani. Amma daga ƙarshe muka tsaya a kan Dokta Albert Helser, saboda dalili biyu. Na fari, shi ne mutumin da 'yan EYN da 'yan ECWA duka ke iya cewa nasu ne, mu kuwa da aikin kamfani ya tara mu a Bompai da Sharada da Challawa, yawancinmu daga ɗakunan nan biyu muka fito. Na biyu, abin da ya kawo shi Kano aiki ne cikin mutanen da jama'a ta riga ta yanke wa hukunci tun ba su buɗe baki ba, wato masu ciwon kuturta. Daga cikinsu da 'ya'yansu aka sami waɗansu daga cikin Hausawan farko da suka karɓi baftisma a lardin Kano, ko da yake ba kowa ke son a tuna masa da wannan ba.

DAGA OHAYO ZUWA GINDIN TSAMIYA

An haifi Albert Helser a 1897 a jihar Ohayo ta ƙasar Amurka. Ya fito daga ekklesiyar 'Yan'uwa, wadda aka san ta da ƙin yaƙi, da kuma wanke wa juna ƙafafu a lokacin Jibin Ubangiji, al'adar da 'yan EYN ke riƙe da ita har wa yau. A ƙarshen 1922, yana da shekara 25, ya sauka a Ikko tare da abokin aikinsa Stover Kulp. Nufinsu su zauna a Biu cikin mutanen Bura, amma hukuma ba ta yarda ba, sai suka gangara zuwa wani ƙauye kusa da kogin Hawul, ana ce da shi Garkida. A can ne, ran 17 ga Maris 1923, suka yi sujadar farko a gindin wata tsamiya. Wannan rana ce EYN take tunawa kowace shekara a kan ranar kafuwarta, a 2023 kuma aka yi bikin cikar shekara 100. Matansu suka biyo su daga baya. Ba a daɗe ba, a 1924, Ruth matar Kulp ta rasu a Garkida. Helser da matarsa Lola suka ci gaba da aiki tare da shi.

Mutane da yawa in sun ji an ce Dokta Helser sai su zaci likita ne. Ba likita ba ne. Doktansa na ilimin koyarwa ne, daga Jami'ar Kolombiya ta Amurka. Aikinsa na fari makaranta ce. Ya koyi harshen Bura, ya tattara tatsuniyoyinsu da karin maganarsu, yana so a koya wa yaro karatu da harshen uwarsa, a haɗa masa da noma da tsabta, kada makaranta ta raba shi da ƙauyensu.

A 1929 mishan ya buɗe mazaunin masu kuturta a Virgwi, kusa da Garkida. Abin da Helser ya gani a nan shi ya bi da sauran kwanakinsa. Mutane suka riƙa zuwa da ƙafa daga nesa, kabila kabila, waɗanda a gida ba su taɓa cin abinci a kwano ɗaya ba. Da yake maganin lokacin yana ɗaukar shekaru, sai suka zauna, suka yi gonaki, suka koyi karatu. Waɗanda aka sallama suka koma garuruwansu da littafi a hannu, kuma ekklesiyoyi da dama na ƙasar Adamawa da kudancin Barno daga bakin irin waɗannan mutane suka fara jin bishara, tun Bature bai taka garin ba.

KUTURU A IDON JAMA'A

Kafin mu bi shi zuwa Kano, sai mu tsaya mu dubi yadda mai wannan ciwo yake zaune a ƙasar Hausa a wancan zamani, gama in ba a gane wannan ba, ba za a gane aikin ba.

A waɗansu ƙasashe, har da sassan kudancin Nijeriya, korar mai kuturta ake yi zuwa daji. Bahaushe bai cika yin haka ba. A manyan biranenmu kutare suna cikin gari, suna da wurin zamansu, suna da Sarkin Kutare wanda fada ta san da shi, yana sasanta rigimarsu, yana magana a madadinsu. Ran Jumma'a suna ƙofar masallaci, ran kasuwa suna bakin kasuwa, ana ba su sadaka, mai bayarwa kuma yana sa ran lada. Wanda ya hangi abin daga nesa sai ya ce ai an karɓe su. Amma karɓar tana da iyaka, kowa kuwa ya san inda iyakar take. An yarda kuturu ya miƙa ƙoƙo a zuba masa, ba a yarda ya sa hannu cikin akushin gida ba. An yarda ya tsaya a ƙofar zaure ya yi wa maigida addu'a, ba a yarda ya aiko neman auren 'yar gidan ba. Matar da alama ta fito mata a jiki, sau da yawa saki ne ke biyo baya. Wato jama'a ta buɗe masa ƙofa guda, ta bara, ta rufe sauran.

Harshenmu ma shaida ne. In mutum yana da saurin fushi sai a ce zuciya gare shi kamar kuturu, ba wanda ya tsaya ya tambayi abin da zai hana mutumin da ake jefa wa abinci daga nesa yin fushi. Akwai kuma karin maganar nan ta kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano, wadda ta tona asirin al'amarin duka. Ashe ƙyamar ba ciwon kaɗai take dubawa ba, tana leƙa aljihu. Attajiri ko basarake da ciwon ya kama yakan zauna cikin gidansa da iyalinsa da barorinsa, babbar riga ta rufa masa asiri. Talaka ne ake gani a bakin hanya.

A ƙarƙashin ƙyamar kuwa hukunci ne ke kwance. Waɗansu sun ce gado ne, yana bin jini. Waɗansu sun ce sakamakon rantsuwa a kan ƙarya ne, ko cin amana, ko sammu, ko cin abincin da aka hana. Ko wanne aka ɗauka, maganar ɗaya ce: shi ko iyayensa sun yi wani abu. Masu bi ma ba su kuɓuta daga wannan tunani ba, domin wanda ya karanta labarin Maryamu 'yar'uwar Musa, da na Gehazi baran Elisha, da na sarki Uzziya, yana iya ɗauka kowane mai kuturta horo ne Allah yake yi masa, ya manta da Markus sura 1, inda Ubangiji ya miƙa hannu ya taɓa mutumin tun bai warke ba. Masanan Ibrananci sun daɗe da nuna cewa kalmar da aka juya da kuturta a Littafin Firistoci sura 13 da 14 ta ƙunshi cututtukan fata iri iri, har da tabon da ke fitowa a jikin tufa da bangon ɗaki. Tun 1873 kuma wani likita ɗan ƙasar Norwe mai suna Hansen ya ga ƙwayar cutar da madubin likita. Yau an tabbata ba a gadonta. An san kimanin mutum 95 cikin 100 jikinsu ba ya karɓarta ko da sun haɗu da ita, sai kuma an daɗe ana zama kurkusa da wanda bai sha magani ba kafin a ɗauka. Amma sanin likita daban, hukuncin unguwa daban.

KANO, 1937

Tun da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, suka yi wa sarakuna alkawari ba za su taɓa addini ba, saboda haka aka tsare 'yan mishan daga ƙasashen sarakunan Musulunci. Tun kafin wannan ma, a 1900, Bishof Tugwell da Dokta Miller sun zo Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Sai a 1933 SIM ta sami izinin zama a Kano, shi ma a bayan ganuwa, wajen Sabon Gari.

A shekarun nan kuwa En'e ta riga ta buɗe wuraren tara masu kuturta: na Kano a Sumaila, na Katsina a Babbar Ruga, na Sakkwato a Amanawa. Gini ba wuya, abin da ya yi wuya shi ne samun ma'aikatan da za su yarda su zauna a wurin shekara da shekaru. A 1936 wani ƙwararren likita daga ƙungiyar yaƙi da kuturta ta Ingila, Dokta Ernest Muir, ya zaga Nijeriya, ya ba da shawara a danƙa irin waɗannan wurare ga mishan. A wannan shekara ce Helser ya bar mishan na 'Yan'uwa ya shiga SIM, aka kuwa ɗora masa wannan kaya. A 1937 SIM ta karɓi wuraren nan uku, a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, da Sarkin Musulmi Hassan. En'e tana ba da nata kuɗi, mishan yana kawo likitoci da nas-nas, ƙungiyoyin taimako na Amurka da Ingila suna cika sauran. An kuma gindaya sharuɗɗa a kan wa'azi: kada a tilasta wa kowa, Musulmi su yi sallarsu, a yi hattara ƙwarai da al'amarin yara. Sharuɗɗan nan sun jawo gardama tsakanin mishan da hukuma shekaru da yawa.

A nan ya kamata a ba sarakunan nan hakkinsu. Sun san sarai abin da ɗan mishan yake so, duk da haka suka buɗe ƙofa domin talakawansu marasa lafiya. Ba ƙaramin abu ba ne a wancan lokaci.

Aikin Helser ba riƙe allura ba ne. Shi ne mai zama da Razdan da 'yan majalisar sarki, shi ne mai neman ma'aikata, shi ne mai zagaya ekklesiyoyin Amurka da Kanada yana roƙon kuɗi, yana rubuta littattafai domin waɗanda ba su taɓa ganin Kano ba su buɗe jakarsu. Mutum ne mai kuzari da iya magana, wanda in ya sa abu a gaba ba ya barin ofis ya huta. Sumaila ta yi nisa da birni, saboda haka bayan ɗan lokaci aka dawo da mazaunin kusa, a wurin da yau mutanen Kano suka fi sani da Asibitin Bela, cikin ƙasar Ungogo. Sunan wurin Yadakunya. Duk mai jin Hausa ya san abin da sunan ke faɗi: a ya da kunya. Ba a ce a ya da ciwo ba. Sunan ya nuna inda ƙayar ta fi soka.

Zaman Yadakunya ba zaman asibiti ba ne irin wanda muka sani yau, zaman gari ne. Mai ƙarfi yana noma, akwai masu saƙa da masu gini, akwai makaranta. Waɗanda suka iya karatu daga cikin majinyata aka koya musu wanke miki da ɗaure shi da yin allura, suka zama ma'aikata a kan 'yan'uwansu. Mutumin da duniya ta ce ba shi da sana'a sai bara, ga shi ana kiransa malam, ana ba shi albashi komai ƙanƙantarsa. A ganinmu wannan ya fi maganin lokacin amfani, gama maganin kansa ba wani abin kirki ba ne. Wani mai ne da ake tatsa daga 'ya'yan wata itaciya ta ƙasar Indiya, ana ce da shi calmugura, ana yin allurarsa a fata da tsoka mako bayan mako. Yana da zafi ƙwarai, waɗanda ya warkar kuwa ba su da yawa.

Akwai abu ɗaya mai nauyi da ba za mu tsallake ba. Bisa ga sanin likitocin wancan zamani, in mace mai ciwon ta haihu akan ɗauke jaririn a kai shi gidan reno, domin kada ya ɗauka. Yara maza da dama daga baya aka kai su makarantar mishan ta Roni. Daga cikin yaran nan aka sami malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti, da masu bishara, da fastoci. Amma kowane ɗayansu akwai uwar da ta koma ɗaki hannu wofi, nono yana zuba. Waɗansu iyaye kuma sun ga 'ya'yansu sun tashi cikin addinin da ba nasu ba, abin ya zauna musu a rai har mutuwa. Yau da yake akwai magani mai kashe ƙwayar cutar da wuri, ba likitan da zai raba uwa da ɗanta saboda kuturta.

SHI MA ƊAN ZAMANINSA NE

Littafin biki ba wurin tonon silili ba ne, amma tarihin da ba gaskiya a ciki ba ya ƙaruwar kowa. Helser bai ɓoye ba cewa yana ganin aikin kuturta ƙofa ce ta shigar da bishara inda aka hana wa'azi a kasuwa. Mu masu bi muna godiya saboda ƙofar. Amma maƙwabtanmu Musulmi suna da tambayar da ba ta banza ba ce: mutumin da ba shi da wani wurin samun magani, yaya za a san ko da zuciya ɗaya ya zo sujada? Gaskiyar abin da ya faru ita ce, yawancin waɗanda suka yi jinya a Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa sun shiga suna Musulmi, sun fita suna Musulmi. Kaɗan ne suka bi, waɗannan kaɗan kuwa sun ɗauki kaya biyu, na ciwo da na barin addinin gida.

Har wa yau, littafin da ya rubuta a 1934 a kan koyar da yaran Bura, sunan da ya sa masa da Turanci shi ne Education of Primitive People, wato yana kiran mutanen da ya ci tuwonsu shekara goma sha mutanen da kansu bai waye ba. Hotunan majinyata da 'yan mishan na lokacin suke bugawa domin neman taimako, su ma sau da yawa mafi munin hannu da fuska ake zaɓa, domin shi ke sa mai kallo ya ba da kuɗi. Kuɗin ya zo, ya yi aiki, amma hoton ya ƙara kafa wa duniya cewa mai kuturta abin tausayi ne kawai. Mutum yana iya tsallake ƙyama guda, wata tana maƙale a rigarsa bai sani ba.

MAGANI YA ZO, HUKUNCI BAI TASHI BA

A ƙarshen shekarun 1940, a Uzuakoli ta ƙasar Ibo, Dokta John Lowe ya nuna cewa ƙwayar magani mai araha da ake kira dafson tana kashe cutar in an sha ta a ƙa'ida. Cikin shekarun 1950 Dokta Charles Ross ya baza ta a Jihar Arewa ta hanyar ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauyuka, mutum ya zo ya haɗiyi ƙwayarsa ya koma gona. Daga nan tara mutane wuri ɗaya ya fara zama ba dole ba. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo haɗin magunguna, dafson da rifamfisin da kulofazimin, wanda ake sha wata 6 ko wata 12 a rabu da cutar ɗungum, tun 1995 kuma kyauta ake ba da shi. Wanda ya fara sha, ba da daɗewa ba ya daina sa wa kowa.

Wani likitan mishan a Indiya, Dokta Paul Brand, shi ya bayyana abin da ya kamata kowane ɗan ekklesiya ya sani. Kuturta ba ta cin yatsu kamar yadda ake faɗi. Jijiyar ji take kashewa. Hannun da ba ya jin zafi yakan ɗauki tukunya daga wuta, ƙafar da ba ta jin ƙaya takan yini da ƙusa a cikinta, miki ya ruɓe, ƙashi ya lalace. Saboda haka dungun da muke gani a hannun tsoho tabo ne na abin da ya wuce, kamar tabon ƙuna. Ba cuta a ciki.

A mazaunan mishan akan yi taron sallama, a ba wanda ya warke takardar shaida. Da yawa suka koma gida da takardarsu, suka tarar an raba gonarsu, matar ta yi wani aure, dangi suna gaishe su daga nesa. Sai suka juyo suka kafa bukkoki a gefen asibitin. Haka ƙauyukan da ke kewaye da Yadakunya da Amanawa da Babbar Ruga suka cika da mutanen da likita ya ce lafiyarsu lau, gari ya ce a'a.

A ƘOFAR KAMFANI

A daidai wannan lokaci ne Kano ta zama garin masana'antu. Bompai ce ta fara, da injinan matsar gyaɗa, da masaƙu, da majemu, da kamfanonin alewa. Da kuɗin man fetur ya shigo cikin shekarun 1970 aka buɗe Sharada, sa'an nan Challawa ta wajen Panshekara. Jiniyar kamfani ce ta kira iyayenmu daga Biu da Garkida da Mubi, daga kudancin Zariya da Filato, daga ƙauyukan Maguzawa na Kano da Katsina, har suka fara taruwa ran Lahadi suna sujada da Hausa. Haka wannan ekklesiya ta samu.

Dattawanmu da suka yi layi a ƙofar kamfani a shekarun nan suna tuna yadda ake ɗaukar leburori. Mai ɗauka yakan fito da safe ya bi layi, ba ya tambayar takarda, hannu yake dubawa. Mutumin Yadakunya yana iya riƙe da shaidar likita a ninke cikin aljihu, ba wanda zai ce ya buɗe ta. In ya yi sa'a ya sami gadin dare, inda ba mai ganinsa. In ba haka ba sai ɓangaren jiƙa fata a majema, wurin da wari ke korar kowa, wurin da kuma ya fi kowane haɗari ga hannun da ba ya jin cin sinadari. 'Ya'yansu da aka haifa lafiya ƙalau, in an tambaye su garinsu, sukan ambaci wani ƙauye na kusa. Abin mamaki, ma'aikacin majema da mutane ke toshe hanci in ya shiga bas, shi ma yakan matsa gefe in ɗan Yadakunya ya zauna kusa da shi.

Ekklesiyoyi ma sun sha wannan gwaji, a Kano da sauran wurare. A zamanin da ake zagaya ƙoƙo ɗaya a Jibin Ubangiji, an yi ta raɗe-raɗin wanda ya kamata ya sha a ƙarshe. Inda ake wanke ƙafafu, akwai ƙafar da kowa yake addu'a kada ta faɗo a kansa. Amma inda maganar ta fi tsayawa shi ne aure. Har gobe in an tashi binciken gidan da za a haɗa zuri'a, cikin tambayoyin da tsofaffi ke yi a ɓoye akwai ko da kuturta a dangin, an kuwa fasa aure tsakanin matasa biyu masu baftisma saboda kakan da ya warke tun kafin a haifi iyayensu. Tambayar gwajin jini domin sikila tana da dalili, gama sikila gado ce. Wannan kuwa ba ta da dalili ko ɗaya wanda likita zai sa wa hannu.

Mu Hausawa masu bi bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Mun san yadda ake ji in dangi sun ware maka kwano. Mun san yadda ake ji in ka je neman takardar shaidar ɗan ƙasa a ƙaramar hukumar kakanninka a tsaya ana jujjuya sunanka, ko kuwa ka shiga taron masu bi 'yan wani yanki a riƙa kallonka da shakka saboda harshenka da rigarka. Da ciwon sida ya shigo Nijeriya ya bazu cikin shekarun 1990, tsohon hukuncin nan ne aka kakkaɓe aka ɗora wa sababbin mutane, da tambayarsa ta kullum, wato me ya yi har abin ya same shi. Matan da mazansu suka kawo musu ciwon har ɗaki sun sha wannan tambaya a bakin waɗanda suke zama benci ɗaya da su.

ƘARSHEN KWANAKINSA DA ABIN DA YA BARI

Helser ya ga kafuwar ECWA a 1954. A 1957 aka naɗa shi babban shugaban SIM na duniya duka, bayan Guy Playfair, ya riƙe har 1962, wato yana kan kujera Nijeriya ta sami 'yancin kai. Tsohon abokinsa Kulp ya riga shi hutawa a 1964. Shi kuma ya yi barci cikin Ubangiji a 1969, yana da shekara 72. Cikin shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓi asibitocin mishan, a 1976 kuma SIM ta miƙa sauran ayyukanta ga ECWA.

A 1998 Nijeriya ta kai mizanin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa, wato ƙasa da mutum 1 cikin 10,000 ke da cutar. Wannan bai nuna ta ƙare ba. Kowace shekara ana samun sababbin masu ita fiye da 1,000, da yawa kuma ba sa zuwa asibiti sai hannu ya riga ya lalace, domin sun ga tabon da ba ya jin taɓi tun da wuri, suka rufe shi da riga saboda tsoron bakin mutane. A 2024 maganin ya yanke a ƙasar kusan shekara guda, sai a watan Maris 2025 ya sake shigowa.

Babbar Ruga kuwa ta sami waɗansu baƙi. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Dokta Kees Waaldijk, ya zo wurin a 1983 domin aikin kuturta, ya tarar da mata masu yoyon fitsari waɗanda mazansu suka sake su saboda wari, ya fara yi musu aiki a 1984. Yau wurin cibiya ce ta gwamnatin tarayya domin wannan lalura. A Danja ta kusa da Maraɗi, inda SIM ta buɗe asibitin kuturta a 1956, nan ma a 2012 aka ƙara asibitin mata masu yoyon fitsari. Garkida ta sha harin 'yan Boko Haram a watan Fabrairu 2020, aka ƙone majami'u da gidaje, masu bi na garin suka koma sujada a kan toka. Asibitin Yadakunya yana hannun gwamnatin jihar Kano, jikokin majinyatan farko suna zaune a kewayensa, Musulmi da Kirista, birni kuma yana ta matsowa wajensu. Yadakunya yanzu ɗaya ce daga cikin mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar Ungogo.